Ƙwallayen Dabinona Masu Lalle

Sallama gare ku, 'yan uwana masu haƙurin karanta surutuna. Baiwar Allah da ta rubuto cewa Hausata tana ƙamshin Larabci, na ji kuma na gode, amma ki yi mini uzuri. Ina 'yar shekara bakwai aka ɗauko ni daga Katsina aka dire a Madina, kuma da ba don Mama ta kafa dokar cewa a bakin ƙofa ake tuɓe Larabci tare da takalmi ba, da yanzu ko "sannu" sai na yi tunani kafin ta fito.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Adawiyya. Sunan kakata ta wajen uba na ci, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce mini. Shi kuwa Alhaji Ƙasimu, mai haɗa magunguna ne a wani asibiti. Gidanmu yana Ƙuba, hawa na biyu, in ka leƙa ta tagar kicin kana hango kawunan itatuwan dabino da farar hasumiyar masallaci. Abin da zan ba ku yau ya faru ne shekarar da nake ajin ƙarshe a kwaleji, zamanin da wayata 'yar Nokia ce, sai na danna lamba ɗaya sau uku kafin harafi ya fito.

Babana mutum ne mai kamewa, amma yana da lago ɗaya, wato balot. Wasan karta ne na mutanen ƙasar nan. Mutum huɗu, biyu-biyu, abokin wasanka yana zaune yana fuskantar ka, ba ka ganin abin da ke hannunsa, ba ka yi masa magana, sai dai ka karance shi ta katin da ya jefa. A gida duk Juma'a da yamma ni ce nake zama gaban Baba, Mama da ƙanwata Safiyyatu su haɗe mana kai. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu wurin zamana ke nan. Ko gira Baba ya ɗaga na san abin da ke hannunsa, ko da yake zai rantse muku bai ɗaga ba.

Ranar Alhamis kuwa, da yake a lokacin ita ce ranar hutu, akwai wata tsohuwar gonar dabino a bayan unguwarmu da Hausawan da muke hulɗa da su suke haɗa hannu su karɓi haya. Likitoci ne da malaman jami'a, da teloli 'yan Sudan, da direbobi 'yan Chadi, kowa da iyalinsa. Maza a gefen rijiya, mata a ƙarƙashin rumfa, shingen ganyen dabino a tsakani. Daga la'asar zuwa magariba ake gasa. Baba ne ya tsara ta, kuma tun ranar farko ya ce shi ba zai yi caca a garin Manzon Allah ba: ba kuɗi, ba rantsuwa, da an ji kiran salla a kife kati. Abin zubawa shi ne ƙwallon dabino. Duk wanda ya shiga, a ba shi cikin kofin shayi guda, ya je ya juya abinsa. Don kada wani ya ci dabino a gida ya ƙaro, sai aka yi musu alama: na maza a ɗiga musu shuɗin fenti, namu na mata a rina da lalle. Wanda gwangwaninsa ya ƙare ya fita gasa sai bayan ƙaramar salla.

Akwai doka guda da nake so ku riƙe, don a kanta labarin yake. Wata shekara aminai biyu sun yi wata guda ba sa gaisawa a kan aron ƙwallaye, sai aka yanke cewa ba a aro sai daga ɗan gida. Uba ya ba ɗa, mata ta ba miji, shi ke nan. Duk namijin da aka ga ya zube ja a kan tabarma, an san matarsa ce ta cece shi, kuma zai sha tsiya har azumi.

Ni dai da cikin kofi ɗaya na fara kamar kowa. Baba ya ba ni wani tsohon gwangwanin Nido mai lotsattsen gefe, ya ce, "Uwata, kada ki taɓa zuba abin da ya wuce cikin hannu ɗaya a zama guda. In aka ci ki sau biyu, tashi ki je ki taya Mamanki yanka albasa." Haka na riƙe. Anti Huda, wata 'yar Sudan mai fara'a, takan juye rabin gwangwaninta a wasa ɗaya tana "yalla, yalla," sati na gaba ka gan ta tana kallo tana cin gyaɗa. Ni kuwa sannu ba ta hana zuwa. Jikin firij ɗinmu akwai kalandar wani kantin magani, duk Alhamis in mun dawo sai in ɗiga ja in na ci, baƙi in an ci ni. Shekara uku ina wannan, har gwangwanina ya kai sai na danna murfin da tafin hannu kafin ya rufu. Wallahi ina son gwangwanin nan. Wani lokaci haka kawai nake girgiza shi in ji ƙararsa.

To, sai Ja'afaru ya shigo.

Ɗan Zariya ne, injiniyan na'urorin asibiti, yana zaune gidan kawunsa Malam Rabo a unguwar Harra ta Yamma. Malam Rabo shi ne mijin Anti Huda. Baba da kansa ya kawo shi gona, wai ya ga yaro mai hankali a wurin aiki. Muryarsa na fara sani ta shinge kafin fuskarsa. Daga baya Anti Huda ta yi ta kai-komo tsakaninta da Mama, har aka yarda mu riƙa gaisawa ta waya. Ba doguwar hira muke ba, saƙo ne. "Ina wuni, ya karatu?" "Lafiya lau, ya aiki?" Amma ku da kuka taɓa jiran ƙarar saƙo kun san abin da ke cikin "ya karatu" ɗin nan. Malam Rabo ya ɗan taɓa Baba da maganar aure, Baba ya ce, "Bari mu gani zuwa azumi."

Tun daga nan kalandata ta samu ɗigo biyu a kowace Alhamis: nawa a sama, nasa a ƙasa. Ba sai na tambayi kowa ba, maza ba sa iya wasa da ƙaramar murya. Da farko ja ne ke bin ja a layinsa, don Ja'afaru ya iya wasa, tun a ɗakin kwanan ma'aikata ya koya wajen Larabawa. Amma tun daga watan da kawunsa ya yi magana, sai baƙi ya fara shigowa. Na tsaya gaban firij da ludayi a hannu ina kallo, sai na lura da wani abu. Duk ranar da ƙuri'a ta haɗa shi da wasu, ja ne. Duk ranar da ta sa shi karawa da Baba, baƙi ƙirin.

A cikin wannan hali Gwaggo Ƙaltume, yayar Baba, ta zo umara tun watan Rajab, ta ce ba inda za ta sai ta yi azumi a Madina. Ina son Gwaggo, tana ba ni dariya, kuma ita ta kawo mana daddawa da kuka masu kyau. Amma ta zo da ajandarta a cikin jaka. Ɗanta Abdulazeez likita ne a Jidda, kuma ko gishiri ka nema a hannunta sai ta bi ta kansa.

"Iya ƙarama, miƙo mini man zafin nan. Abdulazeez ne ya aiko mini, yaron nan akwai tausayi."

"To, Gwaggo."

"Motarsa ma ya sake. Fara sol. Gidan gaba ba kowa."

Ni dai in yi murmushi in wuce. Ba wanda ya ce dole, amma kun san ruwan da ke ɗiga kullum a wuri ɗaya.

Juma'ar da ta rage mako guda a kama azumi, mun gama wasanmu na gida, ni da Baba mun yi wa su Mama kaca-kaca. Ina tattara kofuna, Baba yana jera katin a cikin kwalinsa, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, yaron nan naki yana yi mini ƙarya."

Kofi ya kusa suɓuce mini. "Baba, ƙarya kuma?"

"Jiya an raba kati. Kin san in hannun mutum ya yi kyau sai ya ce ya saya, in ba shi da komai ya ce bas, a wuce shi. Ya duba hannunsa ya ce bas. Da aka fara jefawa sai ga akka, katin da ya fi kowanne daraja, ta fito daga hannunsa. Aka sake, ga wata. Aka sake, ga ta uku. Akka uku, Uwata, mutum ya ce bas? Ni da nake ƙirga ƙwayar magani tun kafin a haife shi zai yi wa wannan?"

Mama ta ce a hankali, "Alhaji, ai kunya ce. Girmama ka yake."

"Na sani, shi ne ma abin da ya dame ni." Ya rufe kwalin. "Wanda zai ɓoye mini abin da ke hannunsa don raina ya yi daɗi, gobe in 'yata tana kuka a ɗakinsa na buga waya na ce ya gida, zai ce mini lafiya lau. Mu nan baƙi ne. Dangi suna can bayan teku. Ba ni da wanda zai leƙa mini ita sai gaskiyar mijinta."

Gwaggo da ke kan darduma tana jan carbi ta gyara zama.

"Ai shi ya sa nake cewa naka sai naka, Ƙasimu. Abdulazeez ko ƙwayar shinkafa ya ɓoye a baki zan sani."

Baba ya ce, "Alhamis mai zuwa ce ta ƙarshe kafin azumi. Bayanta zan ba Malam Rabo amsa, kuma ba na jin zai ji daɗinta."

Na shige ɗaki na rufo ƙofa. Ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni. Na ɗauki waya ina rubuta wa Ja'afaru, babban yatsana har zafi yake.

"Kai da gangan kake barin Baba yana cin ka?"

Minti bai cika ba ta yi ƙara. "Wa ya gaya miki?"

"Akka uku ka ce bas."

Sai ga wani saƙon: "Kawu ne ya ce a garinmu ba a cin suruki. Ya ce in na kayar da Alhaji a gaban mutane, zai ce ba ni da tarbiyya."

"Garin neman gira ka rasa ido. Baba ya ce maƙaryaci ne kai."

"Inna lillahi. Ni?"

"Kai. Alhamis ka zauna ka ci shi da gaske, in ba haka ba magana ta ƙare."

Wannan karon ya daɗe. Ina zaune bakin gado ina kallon 'yar fuskar wayar nan mai kore har ta mutu, na sake danna ta.

"Adawiyya, gwangwanina ya ƙare jiya. Ko ɗaya babu."

"Ka ara wajen Kawu, ai ɗan gida ne."

"Na tambaya. Ya ce gara haka, in zauna gefe in zuba shayi, Alhaji ya ga ladabina."

Kun ji fa. Ladabi zai kashe mini aure tun ba a ɗaura ba.

Kwanakin nan na yi su ne kamar mai ciwon haƙori, ina dariya da rabin baki. Ina zuwa kwaleji, ina dawowa, ina taya Mama jera kayan azumi, Gwaggo tana ba ni labarin labulen gidan Abdulazeez. Ranar Laraba da yamma ina kicin ni kaɗai, na sauko da gwangwanina daga saman kabad, na juye ƙwallayen a faranti. Jajaye, sumul, wasu har sun yi duhu saboda shan hannu. Na san wasu ɗaya-ɗaya. Akwai wata mai lanƙwasa da na ciwo wajen matar wani farfesa da ta ce ni yarinya ce.

Mama ta shigo da kwanon tsamiya, ta tsaya. Ta dubi farantin, ta dubi kalanda, ta dube ni. Uwa ba a yi mata bayani.

"Kin san abin da hakan yake nufi?"

"Na sani, Mama."

"Ba a aro sai daga ɗan gida. In ya zube su a gaban mutane, kin faɗa wa duk Hausawan Madina abin da ke ranki. In Babanki ya ce a kwashe, kunyar taki ce, ba tasa ba. Har Jidda sai an ji."

"In ban ba shi ba, ba zai zauna ba. In bai zauna ba, Baba ba zai taɓa ganin hannunsa na gaskiya ba."

Ta ajiye kwanon, ta ɗauki ƙwallo ɗaya tana juyawa. Sai na ga bakinta yana motsi kamar mai danne dariya.

"Shekarar da aka fara gasar nan, kina ƙarama, wa kike jin ya fara zube ja a tabarmar maza?"

"Mama! Baba?"

"Ni ban ce komai ba. Wanke gwangwanin, duk ya yi ƙura."

Alhamis ta zo da zafinta. Na saka atamfata ruwan ganye mai zanen fanka, wadda Gwaggo ta kawo mini, na ɗora abaya a kai, na shafa turaren Mama a wuyan hannu ko zuciyata za ta kwanta. Baba yana gaba cikin farar jallabiya da hularsa zanna, yana tuƙi yana sauraron rediyo, bai san abin da ke cikin jakar da na rungume a baya ba. Gonar tana ƙamshin ɗanyen dabino, don lokacin nunarsa ne, ruwa yana gudu a 'yan magudanai tsakanin itatuwa.

Al'adar wurin ita ce mata su haɗa shayi, wanda ya fi ƙuruciya a cikin maza ya zo 'yar ƙofar shinge ya karɓi tire. Ja'afaru ne ƙarami. Na rubuta masa: "Abin da ke ƙarƙashin adiko a kan tire naka ne."

Na ga Mama ta miƙa tiren ta ƙofa, na ga hannun rigarsa, shadda ruwan toka. Can wayata ta yi ƙara.

"Kin san doka kuwa?"

"Na riga ka sanin ta."

"Idan ya mayar fa?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ce bas yau, kada ka sake rubuto mini ya karatu."

"Allah ya rufa asiri."

Akwai wata 'yar kafa a jikin shingen, daidai inda ganye biyu suka rabu, duk matan gona sun san ta, duk kuma suna yi kamar ba su sani ba. Ranar ban yi wasa ba, nan na tsuguna. Ja'afaru ya zuba wa kowa shayi. Aka yi zagaye biyu yana gefe. Da rana ta fara sauka bayan itatuwa, Baba ya ce, "Saura zama ɗaya kafin magariba. Wa ke ciki?"

"Ina ciki."

Malam Rabo ya juyo, kofi a hannu. "Da me?"

Ja'afaru ya durƙusa, ya yaye adikon, ya buɗe murfi, ya juye. Ƙarar zubarsu har cikin cikina na ji ta. Tuli guda, ja wur, a tsakiyar tabarma.

Osman, wani tela ɗan Sudan mai yawan barkwanci, shi ya fara magana. "Ya jama'a, ja! Yaushe aka ɗaura ba a gayyace mu ba?" Wasu suka fara dariya, sai suka ga inda Baba yake kallo, dariyar ta maƙale. Ba ƙwallayen yake kallo ba. Gwangwanin yake kallo, da lotsattsen gefensa.

Malam Rabo ya miƙe a ruɗe. "Alhaji, a yi haƙuri, yarinta ce. Kai, kwashe! Kwashe, na ce!"

"Malam Rabo, bar shi." Baba bai ɗaga murya ba. "Malam Ja'afaru, ka san doka?"

"Na sani, Baba."

Ku lura, kullum "Alhaji" yake cewa. Yau ne ya fara.

"Faɗe ta in ji."

"Ba a aro sai daga ɗan gida."

A bayana matan duk sun bar katinsu. Anti Huda ta riƙe mini kafaɗa, farcenta har cikin nama. Sai na ji an ture ni gefe da gwiwar hannu. Gwaggo ce, wadda tun zuwanta take cewa karta aikin banza ne. "Matsa in gani, Iya ƙarama, idonki ya fi nawa lafiya, ke kya ji da kunne."

Haka na koma saurare, goshina jingine da shinge. Na ce a raina, shi ke nan, Adawiyya, kin zubar da shekara uku da mutuncinki a tabarma ɗaya.

"Nawa za ka zuba?" in ji Baba.

"Cikin hannu ɗaya. Mai su ta ce ba a wuce haka. Kuma in aka ci mutum sau biyu, ya tashi."

Baba ya yi wani tari da na san ba tari ba ne. "Osman, zauna gabansa. Malam Rabo, zo nan gabana, tunda na ji kai ne malaminsa. A raba."

A raba. Kalma biyu kacal, amma duk wanda ke gonar ya san abin da aka karɓa. Anti Huda ta toshe bakinta da mayafi ta yi 'yar guɗa a ciki. Na zauna daɓas a ƙasa da atamfata.

Sai dai karɓar ƙwallaye daban, wanke sunan maƙaryaci daban. Hannun farko Baba ya saya ya ci. Na biyu ma haka, sai dai zama ɗaya hannuwa da yawa ne. Gwaggo tana ba ni rahoto ƙasa-ƙasa, ita da ba ta san kati ba: "Ya jefa mai jan zuciya. Babanki ya kwashe. Kai, yaron nan gumi yake." Na kama carbinta da ya faɗi ina ja ba tare da na san me nake karantawa ba. Tsorona ɗaya, kada Baba ya ɗauka yau ma ragawa ake.

Aka sake rabawa. Na ji Malam Rabo ya ce bas. Sai muryar Ja'afaru, ba rawa a cikinta: "Na saya."

Daga nan sai ƙarar kati a kan tabarma, tas, tas, da Osman yana "Allah, Allah!" duk jefawa. Wasa ya juya. Suka ci, suka sake ci, suka kamo su Baba. A hannun ƙarshe Ja'afaru ya saya kuma, ya yi ta kwashewa, ɗaya bayan ɗaya, bai bar wa su Baba ko ci guda ba. Wannan shi ake kira kabut, kuma babu abin da ɗan balot ya tsana kamarsa. Rabon da a yi wa Baba kabut a gonar nan, har an manta.

Malam Rabo ya ce da muryar mai neman kuka, "Alhaji, wallahi ba ni na sa shi ba."

Sai Baba ya fashe da dariya. Irin dariyar da yake yi a gida kawai, mai sa hularsa ta karkace. "Na sani, Malam Rabo, naka na baya ne. Kai kuma, ashe haka hannunka yake ka bar ni wata uku ina cin iska?" Daidai nan aka kira salla daga masallacin Ƙuba, aka kife kati.

Muka kama hanyar gida a mota, har muka wuce shagunan bakin titi. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai Abdulazeez ɗina ba ya karta."

"Shi ya sa ban san halinsa ba, Yaya," in ji Baba.

"Uhm." Can ta ƙara, tana kallon taga, "Amma yaron ya iya zama. Ko da ya ci, bai ɗaga kai ya kalle ka ba."

Na san daga Gwaggo wannan kyauta ce babba, na matse hannunta a cikin duhun abaya, ta bar mini shi.

Muna shiga gida na wuce kicin, wai zan ɗora ruwan shayi, alhali kunya ce ta kore ni. Ina tsaye na ba ƙofa baya na ji takun Baba. Ya ajiye wani abu a kan tebur, ƙarar na sani. Gwangwanina ne, murfin ya ƙi rufuwa. Na leƙa, ga jajayena, ga shuɗɗan Baba a cakuɗe a ciki.

"Ya ce in kawo wa mai su, da ribarsu." Ya tsaya gaban firij yana duban kalanda, ɗigon sama da na ƙasa, tun daga watan da aka fara. Ya daɗe yana dubawa. "Ina jan biron?"

Na miƙa masa ba tare da na ɗago ba. Da hannunsa ya ɗiga ja a layin Ja'afaru.

"Baba, ka yi haƙuri in na ba ka kunya."

"Kunya? Ni na ce kada ki wuce cikin hannu ɗaya, kika juye gwangwani guda a kan mutum." Ya mayar wa biron murfi. "Da na ga gwangwanin nan a tabarma, Uwata, ba fushi na ji ba. Na dai gane cewa kin tashi daga gabana tun ban sani ba."

Nan hawayen da na riƙe mako guda suka zubo. Daɗi nake ji, wallahi daɗi.

"Gobe Juma'a," in ji shi. "Na ce wa Malam Rabo su zo bayan la'asar, shi da yaron, a nan zan ba su amsa. Amma kafin amsa akwai zama ɗaya. Na ga hannunsa shi kaɗai, ban ga hannunku tare ba. Ni da Mamanki gefe guda. Ke za ki zauna gabansa."

"Baba, ni in kara da kai?"

Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ban taɓa jefa kati don in kayar da shi ba. Na san duk motsin girarsa, na san lokacin da hannunsa ba komai yake cika baki. Duk abin da zan yaƙe shi da shi, shi ya koya mini.

Ya kai bakin ƙofa, ya juyo, hular nan har yanzu a karkace.

"Ki yi barci da wuri. Kuma ki sani, Uwata, in kika raga mini ko da kati ɗaya ne, ke ma zan gane."